Ashe Tsatsa Ce!

Abin da idona ya gane mini a Japan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai a ciki.

Kwano ne. Kwanon shan shayi, baƙi wuluk, faɗin bakinsa santimita 12 da 'yan kai, wanda in ka haɗa tafin hannunka biyu za ka rufe shi ruf. Yana zaune shi kaɗai cikin akwatin gilashi a gidan adana kayan tangaran na ƙasashen Gabas da ke Osaka, a tsibirin Nakanoshima, tsakanin koguna biyu. Ƙanina, wanda ke karatun kimiyyar ƙarafa a birnin, shi ya tasa ni gaba tun da farar safiya, ba abin da yake cewa sai "Yaya, kai dai zo ka gani." Daga nesa baƙin kwano ne kurum. Da na matsa, na sunkuya, na leƙa cikinsa, sai na ji salati ya kuɓuce mini. Ɗigo ne, ɗigo kusa da ɗigo, ɗaruruwa, ciki da waje, tun daga leɓen kwanon har gindinsa. Wannan ruwan azurfa, na kusa da shi ruwan zinari, na can ƙasa shuɗi mai duhu, kuma da ka ɗan karkata kai sai su yi musayar launi a tsakaninsu. Shawagi suke yi a cikin baƙin, har ka ji kamar ka tsoma yatsa ka auna zurfinsa. An kewaye leɓen da siririn zoben zinari. Ta waje kuwa, can kusa da gindi, shafen gilashin da aka lulluɓe kwanon da shi ya gangaro, ya taru, ya yi kauri, ya tsaya cak yana shirin ɗiga, alhali ya fi shekara 700 da daskarewa. Daga nan zuwa ƙasa tsirarar ƙasa ce mai kaushi, baƙa-baƙa, babu kwalliyar komai.

Na ce da ƙanina, "Kai, wane mai haƙuri ne ya zauna ya ɗiɗɗiga wannan? Azurfa ya narka?"

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, don wurin ba a ɗaga murya. "Yaya, babu wanda ya ɗiga komai. In ka cire zoben nan na baki, wanda daga baya aka sa shi, babu zinari babu azurfa a jikinsa. Tsatsa ce."

"Tsatsa fa ka ce?"

"Tsatsar ƙarfe, Yaya."

Na ja shi zuwa benci na ce zauna nan, ba inda za mu sai ka warware mini zare da abawa.

A ƙasar Sin aka gina kwanon, in ji shi, a lardin Fujian, a wani wuri da ake kira Shuiji cikin yankin Jianyang, zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Shi ya sa ake ce wa irinsa kayan Jian. Yumɓun wurin maƙil yake da ƙarfe, wajen kashi 8 cikin 100. Magina a wasu wuraren wahala suke sha wajen neman yumɓun da babu ƙarfe a cikinsa don su sami farin tangaran, su kuwa waɗannan abin da wasu ke gudu shi suka runguma. Shafen ma haka: ƙasa da dutse masu ƙarfe na yankin, a niƙa, a haɗa da tokar itace, a dama da ruwa, a tsoma kwano a ciki, a bar gindinsa tsirara. Kowane kwano a sa shi cikin nasa akwatin yumɓu don kada toka da harshen wuta su taɓa shi, a jera akwatunan a matoya, a hura wuta har zafi ya kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Selshiyas.

A nan ne abin yake. A wannan zafi shafen ya narke ya zama ruwan gilashi mai kauri, tsatsar da ke cikinsa kuwa ta fara sakin iskar oksijin. Iskar ta zama 'yan ƙananan kumfa, su taso sama a hankali suna janye da ƙarfe, su iso saman shafen su fashe. Duk inda kumfa ta fashe sai ta bar 'yar da'ira wadda ƙarfe ya fi yawa a cikinta. In wuta ta fara sauka a daidai wannan gaɓa, bakin da'irar ya haɗe ta tsaya a zagayenta, to an sami ɗigon mai, wato yuteki, irin na gabana. In zafi ya ɗan zarce, shafen ya ƙara tsinkewa, sai ɗigon ya zurara ƙasa ya miƙe ya zama siririn zare, dubbai a jere daga leɓe zuwa tsakiya. Shi ne gashin zomo, kuma shi ya fi yawa a kayan Jian. Launi kuma sai lokacin hucewa yake fita: in iska ta wadata a matoyar, ƙarfen ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, in ta yi ƙaranci ya ba da hasken azurfa. Zoben baki ma ashe da dalili. Shafen yana gangarowa ya bar leɓen kwano da sauran kaushi, sai a ɗaura masa ƙarfe mai santsi don leɓen mai sha.

Na koma gaban gilashin na sake dubawa. Ikon Allah! Kowane ɗigo ashe gurbin kumfa ce guda da ta taso ta fashe a cikin wuta, a wani dare, a gefen wani tudu a Fujian, lokacin da babu idon da zai iya leƙa wurin.

Kafin mu fita na ci karo da wani wanda ya sa ni dariya ni kaɗai. Baƙin kwano ne mai buɗaɗɗen baki, a cikinsa ganye guda a kwance, ruwan zuma, da jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ka rantse iska ce ta kaɗo shi yanzu ya faɗa ciki. Wannan ba na Jian ba ne, daga matoyar Jizhou yake a lardin Jiangxi. Ganyen gaske suke ɗorawa a kan baƙin shafen su kai wuta. Ganyen ya ƙone ƙurmus, amma tokarsa ta haɗu da shafen ta sauya masa launi a daidai inda ya kwanta, sai siffarsa ta zauna daram. Mutanen Jizhou 'yan dabara ne, har takarda suke yankawa su yi zane da ita, suna kuma yayyafa shafe mai haske a kan baƙi ya fito da tsarin bayan kunkurun ruwa. Sun burge ni, amma hankalina yana can wajen ɗigon.

Tambayar da ta yi ta cina a jirgin ƙasa ita ce, me ya sa baƙi? Mutanen Song gwanayen farin tangaran ne da kore mai sanyin ido. Me ya kai sarakunansu ga wannan kakkauran kwano mai nauyi, mai gindi kamar na talaka?

Amsar tana cikin shayinsu, don fari ne. Ba jiƙa ganye suke yi ba. Curi ake yi da ganyen, a danne shi ya bushe, kuma mafi tsada daga gonakin sarki na Beiyuan yake fitowa, a wannan lardin na Fujian. In za a sha, a ɓantari curin, a daka, a niƙa, a tankaɗe ya zama gari mai laushi. A ɗumama kwano, a zuba garin, a ɗiga ruwan zafi kaɗan a kwaɓa, sannan a riƙa ƙara ruwa ana burgawa da maburgin gora har farar kumfa ta tashi ta rufe saman shayin. Gasa ake yi a kai, tun daga fada har kasuwa. Wanda kumfarsa ta fi fari kuma ta daɗe manne da jikin kwano shi ya ci, wanda tasa ta fara sacewa har layin ruwa ya bayyana a gefe ya sha ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a fada a Damagaram, ya ga saurayi yana ɗaga buta sama yana juya shayi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta hau, ya san ba a raina wannan magana. To farar kumfa ina za ta fito sosai in ba a baƙin kwano ba? Ina alƙalin gasa zai hango siririn layin ruwa in ba a jikin baƙi ba?

Wani babban ma'aikacin gwamnati ɗan asalin Fujian, Cai Xiang, wanda ya taɓa kula da shayin da ake kai wa sarki, ya rubuta ɗan littafi kan shayi a tsakiyar ƙarni na 11, ya fifita kwanonin Jian saboda duhunsu da kuma kaurinsu, don in aka ɗumama su ba sa saurin hucewa. Sarki Huizong da kansa ya rubuta nasa a 1107, ya yabi masu duhu da zaren gashi a jiki, ya kuma bayyana zuba ruwa har kashi bakwai ana burgawa. Sarki ne mai hannu a zane da rubutu, sai dai riƙon ƙasa ya gagare shi: a 1127 mayaƙan Jin suka ci babban birninsa suka tafi da shi arewa a kame, sauran gidan sarauta suka gudu kudu suka kafa fada a Hangzhou. Shayin dai bai fasa ba. An tono gindin kwanoni a Shuiji da tambarin da ke nuna na fada ne, wanda aka buga tun yumɓun yana ɗanye.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka yi mafi kyawunsu suka ƙare a Japan. Masu zuhudun addinin Buda ne suka buɗe hanya. Sukan ƙetare teku su je karatu wuraren bautar ƙasar Sin, ciki har da na dutsen Tianmu a lardin Zhejiang, su dawo da littattafai da garin shayi da baƙaƙen kwanoni, kuma daga sunan dutsen ne aka ce Japanawa suka sami tenmoku, sunan da suke kiran kwanonin da shi har yau. Ɗaya daga cikinsu, Eisai, ya rubuta littafi kan amfanin shayi ga lafiya a 1211. Daga wuraren bauta abin ya shiga gidajen manyan mayaƙa, kasuwa ta buɗe. A 1975 wani masunci ya jawo tangaran a komarsa a gaɓar Sinan ta Koriya, aka bi sawu aka tarar da jirgin ruwa da ya nitse a 1323 a hanyarsa daga Ningbo ta Sin zuwa Hakata ta Japan. An fito da tangaran sama da 20,000 da tsabar kuɗin tagulla tan 28, da 'yan allunan katako masu sunayen masu kaya, har da wurin bautar Tofuku-ji na Kyoto. Akwai kwanonin Jian a ciki, kuma da alamar an riga an sha shayi da su. Wato tun a lokacin 'yan kasuwa sun fara bin gida-gida suna sayen tsofaffi, don matoyar ta ja baya a gida, mai saye kuwa yana can ƙetare yana jira.

A 1391 sarkin da ya kafa daular Ming ya hana kawo wa fada curin shayi, ya ce a kawo ganye sake. Aka koma jiƙawa a buta, kumfa ta ɓace, baƙin kwano ya rasa aikin yi. Har wurin da ake gina shi aka manta. A Japan kuwa an naɗe su da alharini, an yi musu akwati cikin akwati, an rubuta sunan duk wanda ya taɓa mallakarsu. Na Osaka ma an san hannun da ya bi: Toyotomi Hidetsugu, wurin bautar Nishi Honganji, gidan Mitsui, gidan Sakai, har ya iso tarin kayan tarihi na Ataka. Masu kula da taskar shogun na gidan Ashikaga, wato sarakunan yaƙin da ke riƙe da mulki, sun jera darajar kwanonin a rubuce. Ɗigon mai shi ne na biyu, da rabin kuɗin na ɗaya.

Na ce, "Tsaya. Wannan da ya sa ni salati, shi ne na biyu?"

"Shi ne na biyu, Yaya. Wani ɗan'uwansa ma, na gidan Kuroda, a 2016 an sayar da shi a gwanjon Christie's a New York kan dala miliyan 11.7."

"To na ɗayan fa?"

"Yohen. Guda uku suka rage cikakku a duniya, duk a Japan. Ɗaya yana Tokyo."

Barci dai a daren nan sai ɓarawo. Gari na wayewa muka kama jirgin ƙasa mai gudun tsiya, awa biyu da rabi sai ga mu a Tokyo.

Gidan tarihi na Seikado, inda kwanon yake, ya koma unguwar Marunouchi a 2022, cikin wani tsohon ginin dutse da ke fuskantar ganuwar ruwa ta fadar sarki. Mutane suna kewaya akwatin gilashin a hankali, ba tari ba motsi. Wata tsohuwa a gabana ta fito da ɗan madubin hangen nesa mai ido ɗaya ta kafa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da layi ya zo kaina na sunkuya. Gani ya kori ji! Ta waje kusan baƙi ne zalla. Ciki kuwa, ɗigon ba su bazu ko'ina ba irin na Osaka, gungu-gungu suka yi, nan biyar, can bakwai, can goma, kowane gungu an kewaye shi da haske shuɗi. Shuɗin ne ya gama da ni. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ina tsaye a nan shuɗi ne mai zurfi, na ɗaga ƙafa ɗaya ya koma shunayya, na ƙara ɗaya sai ga algashi da ɗan rawaya a gefensa, wani gungun ya mutu ɗungurum ya koma baƙi, wani ya kama daga can ɓangaren. Na kewaya, na sake kewayawa, na koma bayan layi na sake bi, har mai gadi ya fara gane ni yana ɗan rusunawa. Ƙanina ya raɗa mini cewa babu shuɗin sinadari a wurin ko kaɗan. Wata fata ce a saman gilashin, siririya fiye da yadda ido zai gani, haske ya bugi samanta ya bugi ƙasanta ya dawo biyu, su haɗu, wasu launuka su kashe juna wasu su ƙaru. Shi ya sa launin ke bin ƙafar mai kallo.

Wannan kwano ya sha yawo. Daga taskar gidan Tokugawa yake. Shogun Iemitsu ya ba matar da ta shayar da shi, Kasuga no Tsubone, daga ita ya gangara wa zuriyarta, gidan Inaba, shi ya sa ake kiransa da sunansu. A 1918 aka sayar da shi yen 168,000, kuɗin da a lokacin sai dai a riƙe baki. A 1934 ya shiga hannun Iwasaki Koyata, shugaban Mitsubishi, wanda aka ce bai taɓa shan shayi da shi ba ko sau ɗaya, don yana ganin ya fi ƙarfin amfanin mutum guda. Ni dai na ji haushin wannan a raina. Kwanon da aka yi don kumfa, ka saya ka zuba masa ido? Amma da na tuna yadda hannuna ke rawa alhali akwai gilashi tsakaninmu, sai na yi masa uzuri. A wajen cinikin nan na 1918 wani saurayi mai suna Ishiguro Munemaro ya ga kwanon, ganin nan kuwa shi ya juya masa rayuwa ya shiga ginin tangaran. Ya dawo da dabarar ganyen Jizhou, a 1955 gwamnatin Japan ta sa shi cikin gwanayen da take ɗauka a matsayin taskar ƙasa tun suna raye, saboda aikinsa na shafen ƙarfe. Na fahimce shi sarai.

Akwai maganar da na yi ta ji a bakin mutane: wai yohen sa'a ce, wuta ce ta ga dama. Da gaskiya a ciki, amma raina bai kwanta da ita ba, don tana rage wa maginan nan haƙƙinsu. A 1935 wani Ba'amurke mai aiki a kwastan na ƙasar Sin, James Marshall Plumer, ya bi daji har Shuiji, ya tarar da tuddai, da ya duba sai ya ga ashe tsingaro ne da fasassun akwatunan yumɓu: kwanonin da suka karkace, waɗanda suka manne da akwatinsu, waɗanda shafensu ya zube. Daga baya masu tonon tarihi na Sin suka tono wata matoya da ta hau jikin tudu tsawon fiye da mita 135. Wuta ake hurawa daga ƙasa tana hawa, ana ƙara itace ta ramukan gefe, kwanoni dubun-dubata a tashi ɗaya, kowane lungu da nasa zafin da nasa rabon iska. Mutanen da suka san daidai inda za su tsayar da shafe don in ya gangaro kada ya taɓa ƙasa, suka san kaurin da yumɓu mai ƙarfe ke bukata don kada ya durƙushe a wuta, suka buga tambarin fada tun kafin toyi, waɗannan sun san abin da suka fita nema. Farauta suke yi da ido kawai, suna karanta zafi daga launin harshen wuta, kuma tuddan nan su ne kuɗin da suka biya.

Ƙanina ya ƙara mini wata da ta fi ba shi sha'awa, har yana miƙewa tsaye. A 2014 masana daga Faransa da Sin da Amurka suka haska tsingaron Jian da manyan na'urori, suka tarar cewa hasken azurfar ɗigon mai wani nau'in tsatsa ne da ba kasafai ake samu ba, wanda suke kira epsilon. Masu binciken maganaɗisu da ajiyar bayanan kwamfuta suna nemansa ruwa a jallo, kuma a ɗakin gwaji da ƙyar ake samunsa, 'yan mitsi-mitsi, gauraye da wasu. A jikin kwanon shayi kuwa ga shi nan manya-manya, tsarkakakku. "Yaya, da itace fa suka yi," in ji shi. Ya maimaita ta ya fi a ƙirga.

A Sin kanta ba a san da cikakken yohen ko ɗaya ba. Sai a 2009 aka tono wani fasasshe a wurin wani gini a Hangzhou, kusa da inda fadar Song ta kudu take, shaidar cewa su ma sun san shi sun kuma riƙe shi da daraja. Shuiji ma ta farfaɗo. Tun wajen 1980 aka dawo da toyin gashin zomo, a 2011 gwamnatin Sin ta sa sana'ar cikin gadon ƙasa, yau garin cike yake da matoya. Masu neman yohen a Sin da Japan sun kai kusa, wasu sun kai kusa ƙwarai, ana dai ta muhawara. Waɗannan masu walƙiyar bakan gizo da ake tallatawa a intanet da araha kuwa, wanda ya ga na Seikado ba zai ko waiwaye su ba.

A Kyoto ne na sami abin da gilashi ya hana ni. A wani shagon tangaran a hawan Gojo-zaka, wani dattijo ya ga yadda nake kallon wani sabon tenmoku mai gashin zomo, ya shimfiɗa ƙyalle a teburi, ya nuna mini in cire zobe, in sunkuya, in ɗauka ƙasa-ƙasa da hannu biyu. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Babban yatsana ya faɗa cikin wani ɗan kwari da ke ƙarƙashin leɓe, na bi shi na kewaya, na gangara har inda shafen ya taru, sulɓi da sanyi, daga nan sai kaushin yumɓu. Dattijon ya ɗumama kwanon, ya zuba garin shayin da suke kira maca, ya burga. Kore shar ne shayin Japan na yau, ba fari irin na Song ba, amma da kumfar ta hau kan baƙin, zaren gashin nan suka kewaye ta, ɗumi ya ratso tafin hannuna ya zauna bai gushe ba, sai na gane abin da Cai Xiang yake nufi da kauri.

Dattijon ya sauko da wani baƙin, wanda babu ɗigo babu zare, baƙi kawai, da tabon awartaki a gefensa. Maginan Seto na Japan sun fara kwaikwayon tenmoku tun ƙarni na 14, amma a ƙarshen ƙarni na 16, zamanin gwanin shayi Sen no Rikyu, ɗanɗanon masu shayi ya juya ga kwano mai sauƙin kai. Sai magina a Mino, da Chojiro a nan Kyoto wanda daga gare shi gidan Raku ya faro, suka riƙa ciro kwano daga wuta yana ja zur ya huce farat ɗaya. Ƙarfen bai sami sukunin taruwa ba, ya tsaya a narke cikin gilashin, baƙi ƙirin. Ƙarfe ɗaya, wancan an bar shi ya huce a tsanake, wannan an fizge shi. Tenmoku kuwa ya koma na girmamawa, ana ɗora shi a kan ɗan mazauninsa na katako a miƙa wa manya. A Kennin-ji, wurin bautar da Eisai ya kafa, duk ranar 20 ga Afrilu baƙi kan zauna riƙe da tenmoku, masu zuhudu su bi su ɗaya bayan ɗaya da buta da maburgi, yadda aka koyo daga Sin.

Sauran yohen biyu ban same su ba. Na gidan tarihi na Fujita a Osaka ba kullum ake fito da shi ba. Na Ryuko-in, cikin harabar Daitoku-ji a nan Kyoto, ya fi kowanne ɓuya, ƙofar ma a rufe take ga masu yawon ido. A 2019 an nuna ukun a lokaci guda, ɗaya a Tokyo, ɗaya a Nara, ɗaya a gidan tarihi na Miho, mutane suka yi ta layi. Na bar wa ƙanina sallahu, duk ranar da ya ji ƙishin-ƙishin za a sake, ya buga mini waya ko da tsakar dare ne.

Mai gashin zomon dai ban iya mayar da shi kan kanta ba. Na tambayi kuɗi, dattijon ya rubuta a takarda ya juyo mini da ita. Jinin kasuwa ya motsa, na gyara tsayuwa, na buɗe baki zan raba kuɗin biyu, sai na ji an taka mini ƙafa da ƙarfi.

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri. Nan ba a tayi."

Na biya cif. Dattijon ya naɗe shi da ƙyalle, ya sa a akwatin katako, ya ɗaure da igiya, ya raka mu har bakin titi yana ta rusunawa, ni ma ina ta rusunawa, har ƙanina ya gaji ya ja ni muka wuce.